Takardar Maki da Raba Aji Rukuni-Rukuni: Sharhi Daga Ƙasar Karfi

Akwai wata dabarar koyarwa wadda a ke yawan jawo hankalin malaman sakandare gare ta a tarurrukan ƙara wa juna sani na 'yan shekarun nan. Ga yadda a ke faɗinta. Malam ya tattara bayanan yaransa, ya duba ya ga inda kowa ya tsaya, sa'an nan ya raba ajin rukuni-rukuni, ya ba kowane rukuni aikin da ya yi daidai da shi. In an ji maganar a zauren taro, ba wanda zai yi musunta. Abin da na ke so mu bincika a wannan takarda shi ne ko bayanan da ke hannun malam sun isa su ɗauki wannan nauyi da a ke ɗora musu. Na ɗauki Karfi ta zama ma'auninmu, watau garin nan na manoma da ke cikin ƙaramar hukumar Malumfashi, a kan hanyar Funtua, domin dabarar da ba ta iya zama a ƙauyen manoma ba, to, ba ta da amfani ga yawancin makarantun ƙasar Hausa.

Bari in faɗi ra'ayina tun da fari, don mai karatu ya san inda na nufa. Dabarar mai kyau ce, ta kuwa cancanci a koyar da ita a kwalejojin horon malamai. Amma takardar makin da makarantunmu ke ajiyewa tana nuna wanda ya wuce wani ne kawai, ba ta nuna inda yaro ya cije. Duk malamin da ya raba aji bisa ga ita, ya tankaɗe yara ne, bai riga ya fara koyar da su ba tukuna.

Inda matsalar ta samo asali

A zamanin Elementare da Midil yara kaɗan a ke zaɓa su ci gaba, saboda haka waɗanda suka hadu a aji guda ba su cika yin nisa da juna ba. Da aka buɗe ƙofa da shirin ilmin firamare ga kowa a 1976, daga baya kuma dokar 2004 ta wajabta shekara 9 na karatu, shida a firamare uku a ƙaramar sakandare, sai ajin ya cika da yara iri-iri. Wannan alheri ne, ba mai tunanin a koma baya. Sai dai kuma yaro yana hawa aji ne da shekara, ko ya iya ko bai iya ba, har ya zama an yi ta kitso da kwarkwata. Shekarar 2020 ta daɗa buɗa tazarar. Annobar korona ta sa an rufe makarantu wata da watanni tun daga Maris, sa'an nan da aka sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara cikin Disamba, aka sake rufe makarantun jihar Katsina. Ƙanƙara kuwa maƙwabciyar Malumfashi ce. Yaron da ke da wa ko uba mai karatu ya sami mai biya masa a gida, wanda ba shi da shi ya zauna haka nan.

Wannan ba ciwon ƙasarmu kaɗai ba ne. Wani bincike da Muralidharan da Singh da Ganimian suka buga a 2019, a kan yaran makarantun gwamnati na birnin Delhi ta ƙasar Indiya, ya nuna a aji guda a kan sami tazarar karatun shekara biyar zuwa shida tsakanin na gaba da na baya. Malamin da ke bin manhaja tiryan-tiryan a irin wannan aji, da 'yan kaɗan na gaba ya ke magana, saura suna kwafe abin da ke kan allo kurum.

Abin da takardar maki ke faɗi

Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ita ta kawo gwajin a-kai-a-kai, wanda malamai ke kira C.A., aka kuma ƙarfafa shi da zuwan tsarin 6-3-3-4 a 1982. Nufin masu shirin shi ne kada a rataye makomar yaro a kan jarrabawar rana ɗaya, kuma malam ya riƙa ganin rauni tun da sauran lokacin gyara. Niyya ce kyakkyawa. Amma a aikace abin ya koma gwaji biyu ko uku a zango, a ba su maki 30 ko 40, a haɗa da na jarrabawar ƙarshe ya cika 100, sa'an nan a jera yara daga na ɗaya zuwa na kurya. Takardun amsa, waɗanda su ne ke ɗauke da labarin kuskuren kowane yaro, a kan mayar wa masu su ko su ƙare wajen mai ƙosai. Jimlar kaɗai ke shiga littafi.

Mu ƙaddara misali. Ga yara uku a aji ɗaya na ƙaramar sakandare, kowannensu ya ci 30 a lissafi. Na farko bai iya aro a ɗebewa ba, saboda haka duk rabawa mai tsawo da aka ba shi sai ta rushe a tsakiya. Na biyu shi ke auna wa ubansa masara ranar kasuwa, yana iya faɗin kuɗin tiya 17 da ka kafin mai saye ya gama laluben aljihu, amma tambayar da Turanci aka rubuta ta, bai gane abin da a ke nema ba. Na uku ya iya lissafin, ya iya Turancin, sai dai makon da aka yi gwaji na biyu yana gona. A takardar maki su ukun nan abu ɗaya ne. In aka raba aji bisa ga jimla, duk za a tura su rukunin baya, a ba su magani ɗaya, alhali kuwa cutarsu uku ce, na ukun ma lafiyarsa lau.

Haka kuma tsohuwar al'adar nan ta raba yara aji A da B da C bisa ga sakamakon jarrabawar shiga. Wasu na ɗaukarta ita ce dabarar da mu ke magana a kai, ba kuwa ita ba ce. Rabon A da B da C a kan yi shi sau ɗaya, ya bi yaro shekara uku, manhaja ɗaya a ke koyarwa a duka ajujuwan, bambancin kawai shi ne wanda aka fi sa wa rai. Tun 1968 Rosenthal da Jacobson suka jawo hankali a Amurka cewa zaton malam ga yaro yana iya taɓa ƙoƙarin yaron. Masana sun yi ta gardama a kan girman tasirin, amma kowane tsohon malami ya san yadda kalmar "daƙiƙi" ke manne wa yaro har ya girma.

Hanyar Pratham da hujjojinta

Mafi ƙarfin hujjar masu kiran a raba aji daga Indiya ta fito. Ƙungiyar Pratham ta shirya wata hanya wadda za mu iya kira koyarwa daidai da matakin yaro. Gwajinta gajere ne ƙwarai, da baki a ke yinsa, yaro ɗaya bayan ɗaya. A karatu matakai biyar ne: wanda bai san harafi ba, mai sanin haruffa, mai karanta kalma, mai karanta 'yan jimloli, da mai karanta labari. A lissafi a kan duba sanin lambobi, da ɗebewa, da rabawa. Sa'an nan a tara yara bisa ga matakinsu, ba a kula da aji ko shekaru, a yi musu darasi na wani ƙayyadadden lokaci, a sake gwadawa, wanda ya wuce ya hau gaba. Banerjee da Duflo da abokan aikinsu sun yi shekaru suna auna wannan hanya, su ne kuwa suka sami lambar Nobel tare da Kremer a 2019. A yammacin Kenya ma, Duflo da Dupas da Kremer sun buga bincike a 2011 a kan makarantun firamare 121, inda suka ga raba yara bisa ga ƙarfinsu ya amfani na baya kamar yadda ya amfani na gaba. An gwada hanyar Pratham a jihar Borno daga 2018, aka kuma ƙaddamar da irinta a jihar Kano a 2019, a Dawakin Tofa da Wudil, ga manyan ajujuwan firamare.

Abin yabo a wannan hanya shi ne bayanin da ta ke bayarwa yana ɗauke da umurnin aiki a cikinsa. In aka ce yaro ya ci 30, malam bai san abin da zai yi gobe da safe ba. In aka ce yana karanta kalma amma ba ya iya haɗa jimla, darasin gobe ya riga ya fito.

Duk da haka akwai abu biyu da masu yaɗa ta a tarurruka ba su cika faɗi ba. Na farko, ba ko'ina ta ci nasara ba. A jihohin Bihar da Uttarakhand, da aka horar da malaman gwamnati aka ba su kayan aiki, aka bar su su saka hanyar cikin darussan yau da kullum, ba a ga wani canjin kirki ba, domin malaman sun koma ga manhaja, ita ce abin da a ke tambayarsu. A Haryana, inda hukuma ta ware sa'a guda kowace rana, ta kuma sa jami'anta suna zagayawa suna dubawa, nan aka ga amfani. Watau horo kaɗai bai wadatar ba, sai da lokaci a jadawali da mai dubawa wanda ya yarda da aikin. Na biyu, don 'yan firamare aka ƙera ta, kuma don karatu da lissafin tushe. Sakandare kuwa wata duniya ce. Malamin firamare yana wuni da yaransa, na sakandare yana shiga minti 40 ya fita, wataƙila yana da ajujuwa biyar ko shida. Manufar ilmi ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 40, amma wanda ya zagaya makarantun je-ka-ka-dawo ya san sau da yawa a kan zarce haka nesa. Ga kuma jarrabawar WAEC da NECO suna jira, ba ruwansu da matakin kowa. Har ila yau ilmin ƙasa ko kimiyya ba tsani ɗaya ba ne da za a ce wane yana mataki na uku.

Abin da makarantar allo ta riga ta sani

Abin mamaki, a kan kawo mana wannan dabara kamar baƙuwa, alhali duk yaron Karfi ya san irinta tun kafin ya sa rigar makaranta. A makarantar allo ba a hawa da shekara. Ga mai babbaƙu, ga mai farfaru, ga mai zube, kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Yaro ba ya wanke allo sai ya zo gaban malam ya biya, in ya kawo daidai a yi masa ƙari, in ya cije a mai da shi. Malam ba shi da littafin maki, amma tambaye shi a kan kowane almajiri, zai gaya maka surar da ya ke. Ba kuwa shi kaɗai ke aikin ba, gardawa da manyan almajirai su ke biya wa ƙanana. Turawa ma sun taɓa bin irin wannan hanya: Andrew Bell ya ga yara na koyar da yara a Madras ya buga bayaninta a 1797, Joseph Lancaster ya buɗe makaranta a Landan a 1798 a kan tsari mai kama da ita.

Ba cewa na ke a mai da sakandare tsangaya ba. Karatun allo hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya, kuma hadda ta fi yawa a cikinsa, shi ya sa sanin matakin kowa ya ke da sauƙi. Amma ka'idodi uku na cikinsa sun isa a ara. Gwaji ya zama gajere kuma kullum. Sakamakonsa ya zama sunan wuri a cikin karatun, wanda malam da yaro duka suka gane. Ƙofar hawa kuma ta kasance a buɗe kowace rana, ba sai ƙarshen shekara ba. Ɗalibin kwalejin horon malamai zai fi saurin fahimtar dabarar in aka fara masa daga nan, kafin a kai shi Indiya.

Bayanai biyu da a ke mantawa

Na farko shi ne harshe, wanda ya fi shafar mu masu nazarin Hausa. Manufar harshen koyarwa ta sha juyi: an daɗe a kan cewa a fara da harshen gida a ƙananan ajujuwan firamare sa'an nan a koma Turanci, a 2022 aka ce a kai harshen gida har aji shida, a 2025 kuma Gwamnatin Tarayya ta sanar da janye wannan. Ko wace manufa ke ci, gaskiyar aji ba ta sāke ba, watau yaron Karfi da Hausa ya ke tunani. Gwajin da aka yi da Turanci zalla yana auna abu biyu a haɗe, ba ya iya rarrabe rashin sanin darasi da rashin jin harshe. Maganin mai sauƙi ne. A yi wa yaro tambayar da Turanci, in ya kāsa a maimaita masa da Hausa, a rubuta sakamakon biyu daban. Wanda ya amsa da Hausa, Turanci ya ke bukata. Wanda ya kāsa duka biyu, shi ke bukatar a koma da shi tushe. Shirin RANA, wanda aka fara a jihohin Katsina da Zamfara a 2015 don koyar da karatun Hausa a ƙananan ajujuwan firamare, ya bar littattafai masu hawa daki-daki waɗanda rukunin baya na sakandare zai iya amfana da su.

A darasin Hausa kansa, shifta guda ta layi biyar ta fi jarrabawar zango ba da labari, in dai malam ya kasa kurakuran kashi-kashi maimakon ya ƙirga su. Wani haruffa masu ƙugiya ke ba shi wuya, yana rubuta kafa a wurin ƙafa, daka a wurin ɗaka, bari a wurin ɓari. Wani rabon kalmomi ne, bai san inda a ke rubuta "a kan" da inda a ke rubuta "akan" ba. Wani kuwa karin harshen gidansu ya ke rubutawa, wannan ba jahilci ba ne, daidaitacciyar Hausa ce ba a nuna masa ba. Akwai kuma yaron da a ke rubutawa "bai iya karatu ba," alhali ya sauke, yana karanta ajami. Wanda ya riga ya san cewa baƙi da wasali su ke haɗuwa su ba da gaɓa, ba daidai ya ke da wanda bai taɓa riƙe allo ba, zai kuwa kama boko da sauri in an bi da shi ta abin da ya sani. Ba takardar makin da ke da gurbin wannan labari.

Na biyu shi ne rajista. A kan kira suna kowace safiya, a cika littafi don mai duba makarantu, ba wanda ke karanta shi. A ƙasar noma kuwa babu bayanin da ya fi shi. Zango na ɗaya, daga Satumba zuwa Disamba, ya faɗa daidai kaka, lokacin karyar masara da yankan dawa da cirar auduga da waken suya. Zango na uku ya faɗa daidai shuka da noman fari. In malam ya ɗora rajista kusa da tsarin darussansa, nan take zai ga wane babi ne ya wuce wane. Yaron da ya rasa mako uku na kaka, a yi masa rukuni na ɗan lokaci a cike masa giɓin babin nan, ba sai an sauke shi zuwa rukunin masu koyon haruffa ba. Haka yarinyar da talla ko aikin gida ke sa ta makara, kullum darasin farko ke wuce ta, in lissafi ne ke farkon jadawali sai a ce ba ta da kan lissafi.

Abin da zai yiwu

Kada a ɗora wa malami abin da ya fi ƙarfinsa, don kayan da ya yi nauyi a hanya a ke yar da shi. Abin da na ga zai yiwu a makaranta irin ta ƙasar Karfi, inda lantarki da kwamfuta ba abin dogaro ba ne, shi ne wannan. A makon farko na aji ɗaya, malaman Hausa da Turanci da lissafi su haɗa hannu su gwada kowane yaro da baki, minti biyar-biyar, su rubuta matakinsa a littafi ɗaya wanda duk malaman ajin za su iya dubawa. Rukuni kada ya wuce uku, domin malami ɗaya ba zai iya lura da fiye da haka ba. Shugaban makaranta ya ware darasi biyu ko uku a mako don aikin rukuni, a rubuta su a jadawali, sauran lokaci ajin ya zauna a haɗe a bi manhaja. Yaran gaba su taimaka wa na baya kamar gardawa, amma su ma a ba su aiki mai tauri nasu, kada su ƙare a kan koyar da wasu. Bayan mako huɗu ko shida a sake gwaji, a rushe rukunan a sake gina su. In zango ya ƙare ba wanda ya motsa daga rukuninsa, to, aikin ne ya kāsa, ya kamata a binciki darasin kafin a zargi yaran.

Sai kuma a kiyaye mutuncin yaro. Kada a kira rukuni da sunan da zai nuna na gaba da na baya, kada a kafe sakamakon a bango, kada a karanta shi a taron safe. Littafin matakai amana ce tsakanin malam da yaro da iyayensa.

Ga malaman kwalejojin horo, roƙona ɗaya ne. Muna koya wa ɗalibanmu yadda a ke fitar da jimla da matsakaici da jeri, muna ba su maki a kan tsabtar littafin darasi. Ya kamata a ƙara musu wani aiki a lokacin koyarwar gwaji: a miƙa wa ɗalibi takardun amsa 40 na yara na gaske, a ce ya kasa su bisa ga irin kuskuren da ke ciki, ya faɗi abin da zai koya wa kowane kashi ranar Litinin. Manomin Karfi ba ya zuba taki iri ɗaya a jigawa da fadama, kuma ba daga yawan buhunan bara kaɗai ya san gonarsa ba, yana shiga ne ya duba kunya-kunya, ya ga inda ganye ya yi ja da inda ruwa ke kwanciya. Malamin da aka koya wa karanta takardar amsa kamar haka, ko an kai shi makarantar da ba ta da kome sai allo da alli, zai iya raba ajinsa a kan hujja.